Sawun Tayar Malam Junaidu

Sallama gare ku, masu bin labarina. Wata a cikinku ta rubuto mini wai ita ba ta yarda tayar keke za ta iya haɗa aure ba. 'Yar'uwa, ni ma ban ce ta haɗa ba tukuna. Na dai ce ita ta kawo mini shi, ita kuma ta kai mu inda ban taɓa zato ba. Gyara zama ki ji.

Ni ce Raliya, 'yar Alhaji Halliru mai kayan keke a Illela. Abin nan ya faru a shekarar da aka rufe boda, wato 1984, lokacin ina budurwa ina ji da kaina, in na sa kwalli na ɗaura ɗankwali ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa. Kafin a rufe, Baba yana shigo da taya da tif da sarƙa daga Ƙonni ta Nijar a bainar jama'a. Da aka rufe, sai kasuwa ta koma bin gonaki a bayan kekunan 'yan dako. Ni ban ce Baba ɗan fasa-ƙwauri ne ba. Na dai ce akwai wani ɗaki a gidanmu wanda ko kaza ba a bari ta leƙa.

Saboda ɗakin nan Baba ya kafa doka: duk mai cin albashin gwamnati kada ya zo masa zance ƙofar gida. "Mai biro ga aljihu," in ji shi, "idonai biyu, kunnuwanai goma." Inna kuwa ta riga ta gama zaɓar mini Mukhtari, ɗan wanta, ɗan canji mai jan babur, wanda in ya shigo gida sai an kwana ana shaƙar turarensa. Hirarsa duka sefa ce, kuɗin Nijar. Sefa ta hau, sefa ta sauka. Ko lallen hannuna ya yaba, sai ya gaya mini nawa ake sayar da shi a Ƙonni. Baba ya ce shi ba ya yi mini dole, amma in azumi ya kama ban fito da wanda zai iya zama da shi a tabarma ɗaya ba, zai amsa wa su Mukhtari.

Ni kuwa zuciyata tana wurin mai biro.

Malam Junaidu ɗan birnin Sakkwato ne, gidan alƙalai, an turo shi koyarwa ƙauyen Gidan Katta kusa da mu. Yadda zan kwatanta muku shi, in ya tsaya a bakin zaure to haske ya gama shigowa sai ya matsa. Ƙato ne na gaske, ga tsawo ga jiki, amma muryarsa ƙasa-ƙasa, kuma kunya gare shi kamar amarya. In aka yi maganar ƙiba ko da ta raguna ce, sai ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Abin da ya fara burge ni da shi, bai iya ƙarya ba, ko ta zance, wadda kowane saurayi yake yi kyauta.

Tun da ƙofar gaba ta haramta, sai kakata Iya Yelwa ta buɗe mana tata. Sashenta yana bayan gidanmu, da ɗan zaurenta mai fuskantar gonaki. Ita ta ce tana son sa, wai ta samu miji mai cika ɗaki. Yakan biyo ta hanyar gona bayan la'asar, Iya ta zauna tsakaninmu tana kaɗa fura, mu yi hira ta saman kanta.

Matsalar ɗaya ce: bai taɓa isowa a kan keke ba. Kullum a ƙasa yake, yana tura shi, kaftaninsa na shadda ya jiƙe sharkaf, rabin lokacin hira ya tafi a hanya. Ranar da abin ya ishe ni, na sha atamfata mai ruwan ganye tun azahar, na zauna har kwalliyar ta fara narkewa, sai ga shi yana haki.

"Malam, wai kai aka sai wa keken ga, ko shi aka sai ma kai?" na ce.

"Ƙaya ta," ya ce. "Hanyag ga ƙaya gare ta."

"Kawo mu ga ƙayar."

Ku sani ni ce babba a ɗakinmu, kuma Baba ya daɗe bai samu namiji ba, don haka a gindinsa na tashi ina miƙa masa sufana. Na naɗe hannun riga, na kwantar da keken, na zare tif ɗin baya na tsoma a ruwan kwatanniya. Kumfa ta taso wuri biyu, gefe da gefe. Na duba sauran jikinsa, duk facin da ke kai biyu-biyu ne, kamar an jera su da gangan.

"Ƙaya ba ta huda biyu-biyu," na ce. "Wanga cizon ƙarhe na. In ka hau, taya ta kwanta, ƙarhen wili ya danne tif ga dutse ya cije shi."

Ya kama gyaran hula.

Iya ta ce, "Hwaɗa mishi gaskiya, ke. Keken ga na ɗan makaranta na, an aza mishi hedimasta da makarantar duka."

Na ƙunshe dariya har cikina ya ƙulle. Shi ma ya murmusa, amma na ga abin ya taɓa shi, sai na sassauta. Ya ce ai ya gwada cika ta da iska har ta yi tauri kamar icce. Na ce to me ya faru? Ya ce a yashi sai ta riƙa yanka ƙasa tana nutsewa, a kan tsakuwa kuma ta riƙa wullo shi sama, ranar nan da ya jingine keken a rana yana aji sai ya ji fam, yara suka watse suna salati.

"To ka gani," na ce. "Ka rage iska ta cije, ka cika ta hwashe. Ba iska ce matsalarka ba, tayar ce siririya. Mai jiki taya mai ciki shika so."

A ɗakin nan da na gaya muku akwai wani ƙunshin taya da Baba ya kawo tun kafin a rufe boda, masu faɗi, masu kauri, da wasu ƙuraje a jiki don kama yashi. Babu wanda ya saya. 'Yan dako sun ƙi su, wai zanen sawunsu ya fita daban, ko makaho zai bi shi. Na tambayi Baba ko in sayar wa wani baƙo guda biyu, ya ce in ma kyauta zai ɗauka a rage masa kaya. Na haɗa da wili na kekunan dako, mai faɗi, mai wayoyi masu kauri. Ko kusa ban tsaya tunanin abin da ya sa 'yan dako suka ƙi tayar ba, hankalina yana kan a daina cinye mini lokacin hira.

Ranar ɗaurawa ita ce ranar da na fi shan dariya a rayuwata. Na yanka tsohon tif na shimfiɗa a cikin kowace taya saboda ƙayar gaske, na ɗaura, na kama famfo. Malam ya miƙo babban yatsa zai latsa.

"Cire hannunka," na ce. "Yatsa na gwada iskar marasa nauyi. Kai sai ka hau."

"Nan? Gaban Iya?"

"Ni matarka ta, mi kaka ɓoyo?" in ji Iya.

Ya tattare kaftani ya hau, ya dafa bango. Na durƙusa ina kallon tayar baya. Ta baje. Na ce sauka, na ƙara iska. Hau. Sauka. Hau. Sauka. Wallahi tun wajen hawa na uku iskar ta yi daidai, amma yadda yake ɗaga ƙafa a hankali yana cewa bismillah kamar zai hau raƙumi ya sa na ci gaba da sa shi, har Iya ta jefe ni da ludayi. Na bar ta baya da ƙarfi, in ya zauna ta ɗan yi ciki kaɗan ba ta kwanta ba. Ta gaba na rage mata, tun da nauyin duk a baya yake, ita aikinta ta lallaɓa yashi kada ta zame. Na ce masa kullum ya duba kafin ya fito, kuma kada ya sake barin keken a rana.

Daga ranar Malam Junaidu ya zama wani mutum. Sai ya iso fes, hularsa a karkace, yana ba ni labarin yadda ya ratsa yashin kwari bai sauka ba. Hira ta yi tsawo. Fura ta riƙa ƙarewa da wuri. Ni kuma son sa ya yi mini yawa har na fara jin tsoro, don watan Sha'aban ya tsaya, kuma ban ga ta inda zan tunkari Baba da mai biro ba. Inna kuwa kullum sai ta shigo ɗakina ta buɗe akwati ta nuna mini leshin da Mukhtari ya aiko.

"Taɓa ki ji," ta ce. "Mai albashi sai ya yi wata ukku bai ci ba kahin ya sai irin wanga."

Na so in ce mata wanda nake so bai yi kama da mai iya wata uku bai ci ba, na dai haɗiye.

To, ranar wata Laraba, Malam yana zauren Iya da kwanon fura a hannu, kekensa a inuwa daga ciki, sai muka ji hayaniya a ƙofar gaba. Na leƙa ta kan katangar da ta raba mu da tsakar gida. Masu sintirin iyaka ne su uku da kakinsu, babbansu mai igiya uku, sun sa an kira Baba. Maƙwabta har sun fara taruwa.

"Alhaji," in ji mai igiyar, "mun daɗe muna ganin wani sawun keke a hanyar gona. Taya mai faɗi, ta nutse a yashi sosai. Na yi shekaru a aikin nan, na san sawun mutum shi kaɗai, na san na mai kaya. Wannan buhu biyu ne a ƙalla, ban da mai tuƙi. Yau mun biyo shi yana ɗanye, ya ƙare a bayan gidanka. Za mu duba ɗakunanka."

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. A makon nan aka cika ɗakin, atamfofi da katan-katan har rufi, kuma rabin kayan na mutane ne da suka ba shi ajiya. Abin haushin, 'yan dakonsa ba ta nan suke bi ba sam. Ya rantse bai san sawun ba, kuma gaskiyarsa ce, amma wa zai yarda? Inna ta zube a bakin murhu tana salati.

Na juyo. Malam ya riga ya ji komai, ya ajiye kwano.

"Zamna," Iya ta ce masa ƙasa-ƙasa. "In sunanka ya shiga bakin mutanen ga, gobe shina Sakkwato gaban tsohonka. Ga aikinka. Zamna, ɗana."

Ku lura, yau ba mijinta ba ne, ɗanta ne. Nan na san abin ya kai inda ya kai. Ni kaina ban san me nake so ba. In ya fita, asirina ya tonu a gaban Baba da duk unguwa. In bai fita ba, Baba ya tsiyace. Sai ga hawaye suna wanke mini kwalli.

Ya miƙe, ya shafa gemu ya goge furar da ta maƙale, ya kama kekensa ya zagaya ta lungu.

Na bi ta cikin gida na laɓe a bayan ƙyauren zaure. Ina ganin lokacin da mutane suka dare masa. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Baba, wanda ya bi shi da kallo daga hula har takalmi, ya tsaya a kan biron da ke aljihunsa.

"Ranka ya daɗe, keken ga nawa na," Malam ya ce wa mai igiya. "Ni nika bin hanyar."

Mai igiya ya duba taya, ya ga ƙurajen. "Ita ce. Ina kayan?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Babu kaya. Ni ɗai na."

Wani ya tuntsire daga baya. Mai igiya bai yi dariya ba. Ya ce kowa ya biyo shi, aka ɗunguma bayan gida inda sawun yake kwance a yashi. Ni da Iya muka koma zaurenta muna leƙe ta labule. Ya sa wani siririn yaronsa mai kaki ya hau keken ya bi gefen sawun. Tayar ko ɗan ciki ba ta yi ba, sawunsa da ƙyar ake gani.

"Ka gani?" in ji mai igiya. "Haka sawun mutum ɗaya yake."

"A ba ni," in ji Malam.

Jama'a, mutumin da yake jin kunyar hawa keke a gaban tsohuwa ɗaya, yau ga shi gaban unguwa guda, har da masu tallan goro. Ya tattare kaftani, ya ce bismillah, ya hau. Tayar baya ta yi ɗan cikin nan da na saita mata, ta shiga yashi, ta tafi sumul. Ya je ya juyo. Mai igiya ya tsuguna, ya karyo kara ya zura a tsohon sawu, ya zura a sabo. Ya sake gwadawa a wani wuri. Sai ya ɗago ya dubi Malam tun daga ƙasa, ya ce, "La ilaha illallahu."

Wurin ya fashe da dariya. Malam yana tsaye riƙe da keke, zufa tana bin wuyansa, bai ɗaga ido ba. Ni a ranar na gama yanke wa kaina cewa ko shi ko babu.

"To Malam," in ji mai igiya yana share ido, "ga titi lafiyayye, me ya sa kake bin gona zuwa bayan gidan mutane?"

"Zance nika zuwa."

"Wurin wa?"

Iya ta banko labule. "Wurina! Ko kun ga ban isa ba?"

Aka sake kecewa. Ta ba shi hanyar tsira a buɗe, da ya ja bakinsa da an tashi a haka. Amma na gaya muku halinsa. Ya juya ya fuskanci Baba.

"Wurin Raliya nika zuwa, Alhaji. Malamin makaranta ni ke, ɗan Sakkwato. An ce mini ba ka son irinmu, shi yas sa ban biyo ta gaba ba. Ban kyauta ba, ka gahwarce ni. Da aure nika son ta."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige, na kuma ji kamar in yi guɗa. Mai igiya ya kaɗa kai yana dariya, ya ba Baba haƙuri, ya ce wa yaransa, "Daga yau in kun ga sawun nan kada wanda ya sake ɓata mini takalmi. Na ango ne." Suka tafi, ko zauren gidan ba su taka ba.

Mutane suka watse. Baba kuwa bai tafi ba. Ya tsuguna a bakin sawun ya daɗe yana kallo, ya bi shi da ido har inda ya ɓace cikin karan gero. Na ce shi ke nan, yau mai raba ni da bulala sai Allah. Sai ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya kama hannun Malam, ya kai shi zauren gaba, ya zaunar da shi a kan tabarmarsa. Tabarmarsa ta kansa! Ya sa aka kawo goro.

"Malam, ka hisshe ni kunya yau," na ji yana cewa. "Ka turo manyanka kahin azumi. Kuma ka riƙa zuwa kullum, ban hana ba. Kada ka wahal da kanka da titi, motoci gare shi. Hanyag ga ta gona da kas saba ita ta hi."

Na ruga ɗaki na rufe ƙofa na taka rawa ni kaɗai, har na ture jeren kwanonin Inna. Malam ya tafi yana ta godiya, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Inna ta ƙi kula ni, ta rufe akwatin leshi da ƙarfi, ni kuwa ko a jikina.

Rana ba ta kai ga faɗuwa ba na ji Baba yana kira na daga tsakar gida. Na gyara ɗankwali na fito ina sunne kai irin na 'yar da aka yi wa gata. Sai na tarar da Idi da Maccido, manyan 'yan dakonsa, kowa ya kifa kekensa ƙafafu sama. A gefe ga sauran ƙunshin tayar nan mai ƙuraje, an kwance igiyarsa.

"Ashe hannunki ya hi nawa," in ji Baba, yana murmushi. Ya miƙo mini famfo. "Irin ta malaminki za ki ɗaura musu. Ki sa iska yadda in an aza buhu biyu, sawun ya yi daidai da nashi, ko da kara aka gwada."

Na tsaya ina kallon sa. Sai a lokacin na gane abin da ya tsuguna yana kallo a yashi, da abin da ya sa hanyar gona ta fi titi. Ɗan alƙalai, wanda ya tsaya aka yi masa dariya don kada ya yi ƙarya, shi za a sa a gaba ana bin bayansa da kayan boda.

"Baba, in ya sani ba shi yarda."

"Wa zai hwaɗa mishi?" ya ce. "Ke?"

Idi ya riga ya fara zare tsohuwar tayarsa. Baba bai sauke hannu ba, famfon yana tsakanina da shi, yana jira in karɓa.